Gyaɗar da ke Gaɓar Kaladan

Shekara ashirin ke nan da dawowar Saje Mudi daga yaƙin Bama. Kullum ya taso daga gonar audugarsa a Ƙarfi, sai ya zauna a zaure gaban tsohon teburin da ya zana kogin Kaladan na ƙasar Bama a kai da gawayi. Angurya ce Japanawa, gyaɗa kuma mutanensa goma sha biyu. Wuri yake jefawa ya ga wanda harsashi ya samu. Dabarar ƙetarar da su duka yake nema, bai taɓa samu ba.

Ran nan bayan isha'i, jiki duk ya mutu, yana jera gyaɗa yana hamma, sai aka yi sallama. Wani dogon mutum ya shigo ya tsuguna inda hasken fitila bai kai ba. Damina ta daɗe da wucewa, amma rigarsa tana ɗiga, zauren ya cika da warin laka.

"Baƙo, daga ina?" in ji Mudi.

Baƙon ya miƙo hannu, yatsun sun yi fari sun yamutse, ya ɗauke gyaɗa ɗaya daga tsakiyar kogin ya mayar da ita gaɓar baya.

"Malam, bar shi nan. Wannan nutsewa ya yi."

"Ban nutse ba, Saje."

Muryar Lamidi ce, Bayaraben kasuwar Funtua da suka shiga soja rana ɗaya.

"Nan nake kwance cikin ruwan sama, ƙafata a karye. Kwana uku ina kiranka."