Rariyar da Magini Ya Toshe

Ranar da ruwan farko ya sauka, gab da magariba, matar magini tana kwashe shanya ta ji dutse ya faɗi a kan kwano. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Sai wani ya faɗo gabanta, jiƙe sharkaf, da laka a jikinsa.

A rani ne mijinta ya shafe tsakar gidan da siminti, ya ɗora ɗakin haya a kan kwatar bayan gida, ya toshe rariyar da ruwa ke bi tun zamanin kakansa. Ta yi magana, ya ce, "Ke kika san gini ko ni?" 

Ruwan ya kwanta a tsakar gida har idon sawu, ya ƙi tafiya. Autarsu ta daina ci, ta daina magana. Rana na yin sanyi sai ta tsuguna gindin katanga inda rariyar take a da, tana ƙwaƙular siminti har faratanta su yi jini. Uwar takan zauna ta zuba mata ido. Kuka ma ya ƙi zuwa.

Aka kira Malam. Ya naɗe wandonsa, ya tsaya cikin ruwan, ya yi ta karatu. Can yarinyar ta ɗago, murya ta fito daga bakinta, ta tsoho, mai nauyi.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai wucewa ne."

"Me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Ban zo ba, tare ni aka yi. Tun daga tudu kowa ya rufe ƙasarsa, babu inda ni da ruwana za mu nutse. Gidan nan ne ƙofarmu ta ƙarshe, wannan mai cokalin siminti ya liƙe ta."

"Fita!"

"Ta ina, Malam? Kai ta katanga ka shigo?"

Aljanin ya ce a fasa masa tsakar gidan duka. Malam ya ce bai isa ba. Suka yi ta ja, har aljanin ya yarda a fasa masa ƙasa mai faɗin tabarma, a kuma buɗe rariya. Amma ɗakin da ke kan kwata sai ya faɗi, in ba haka ba yarinyar tasa ce.

Magini ya sosa ƙeya. "Malam, har ƙofa fa na sa masa..."

Matar ba ta dube shi ba. Ta shiga inda yake ajiye kayan aiki, ta ɗauko diga, ta kai wa gindin ɗakin hayar sara. Ta ƙara. Bulo ya tsage, ruwan ya motsa, ya fara zurarewa a hankali.

Yarinyar ta yi atishawa, ta ce da muryarta, "Inna, sanyi nake ji."

Uwar ba ta waiwaya ba. "Ɗauko zane ka rufe 'yarka," ta ce wa mijin. "Ni ban gama ba."