Akwatin Baƙi

Ana gab da magariba manaja ya tare Injiniya a bakin ƙofar ofis.

"Saƙonni sun sake tsayawa. Karo na uku ke nan a mako guda. Ka gyara kafin ka tafi."

Injiniya ya ajiye jakarsa ya sauka ɗakin sabar, babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonnin ofishin. Ɗan ɗaki ne marar taga, sai sanyi da gurnanin fankoki. A bakin matakala ya wuce Inna mai shara tana matse tsumma.

"Ɗana, yanzu za ka shiga? Ka dai yi sallama."

"Inna, wa zan yi wa? Wayoyi?"

Ba ta yi dariya ba.

Allo ya nuna faifan ajiya ya cika kashi casa'in da biyar cikin ɗari. Jiya ya bar shi a arba'in. Ya share tsofaffin bayanai, ya zubar da tarkacen talla. Lambar ta sauka kaɗan, ta sake hawa yana kallo, kamar ruwa a rijiyar damina.

Ya bi sawun abin. Dubban saƙonni ne jibge a layi, babu sunan mai aikowa, duk suna neman akwatin saƙo ɗaya da babu shi. Sai ya tuna. Makon jiya ya goge wani tsohon akwati da marigayin da ya gada a aikin ya bari. Ba na kowa ba ne a ofishin, ga cin wuri. A gefensa marigayin ya rubuta: kada a taɓa.

Ya buɗe saƙo ɗaya.

"Ina za mu kwana?"

Ya buɗe na biyu. Shi ne dai. Na goma ma haka.

Casa'in da bakwai.

Wani wari ya taso, irin na toka da aka yayyafa wa ruwa. Fankokin suka rage gudu, har ya fara jin abin da ke ƙarƙashin ƙararsu. Numfashi ne. Ba na mutum ɗaya ba.

Sabon saƙo ya buɗe kansa.

"Nan ya kusa cika. Kai kuwa akwai wuri a jikinka."

Ya zabura ya kama ƙofa. Ta ƙi motsi. Ba kulle take ba, nauyi ta yi, kamar jama'a sun jingina da ita.

"Inna!" Ya buga ƙofar.

"Ina nan," ta ce daga waje, ƙasa-ƙasa. "Me ka ɗauke musu?"

"Akwati. Na goge."

"Innalillahi. Shekara goma sha biyu marigayi yana ba su masauki. Mayar musu."

Casa'in da takwas.

Ya koma kan kujera. Dole sunan ya zo daidai da na da, shi kuwa ya ɓace masa tas.

"Sunan, Inna! Me yake kiran akwatin?"

Wani abu mai sanyi ya taɓa bayan kunnensa na hagu, a hankali, kamar mai gwada ƙofa.

Casa'in da tara.

"Baƙi," in ji ta. "Ka yi bisimilla tukuna."

Ya yi. Ya buga haruffa huɗun, ya danna.

Fankokin suka ɗauka gaba ɗaya. Lambar ta gangaro, tamanin, sittin, arba'in. Ƙofar ta buɗe da kanta, ya faɗa kan bokitin Inna, ruwan ya jiƙa shi har gwiwa.

Tun daga ranar sabar ba ta sake cika ba. Manaja ya yaba masa a gaban kowa. Injiniya yana sallama kafin ya shiga ɗakin, kuma ba ya kai magariba a ciki.

Saƙo ɗaya kawai ya tarar a akwatinsa washegari, bai nuna wa kowa ba.

"Mun koma. Autarmu ce ta ce ta fi son wurinka."

Bayan kwana uku matarsa ta tsaya a ƙofar falo tana kallonsa. Ya baza ƙaramar tabarma a lungu, yana gyara mata matashi.

"Baban yara," ta ce a hankali, "wa kake yi wa shimfiɗa?"

Ya dubi hannuwansa. Bai san lokacin da ya ɗauko ta ba.