Taɓon da Ya Toshe Jirgi

"Wallahi in na farka ina yoyo, gara kada na farka!"

Bintu ce ta faɗa, ta damƙe hannun mijinta a kan gadon asibiti a Haɗeja, damunar 1994.

Mala Zarami fa! Masuncin da ya ƙwaci ƙafarsa a bakin kada, ya ci farin shekarar tamanin da huɗu bai bar Auyo ba. Amma ranar, ga shi tsugune a bakin gadon matarsa.

Haihuwa takwas ta sa mahaifarta ta zazzago. Gobe za a yi tiyata a ɗage ta.

Sista Dibora ta maimaita bayani: "Baba, zazzagowar ce ta lanƙwasa hanyar fitsari. In an ɗaga, wata kan fara yoyon fitsari, wata ba ta yi. Likita na iya ƙara ɗinkin rigakafi, amma shi ma yakan matse, fitsari ya ƙi fita sai an zura roba. Ku zaɓa."

"A ƙara!" in ji Bintu. "Ko zai kashe ni..."

Mala ya zuba mata ido.

"Wa ya tsorata ki?"

"Yayanka Buba... ya ce mai yoyo ba ta zama a gidanku. Wai in fara ɗaure kayana."

"Buba?! Buban da ya girme ni, amma ni na goya shi a ambaliya yana kuka?"

Ya juya.

"Sista, ban yi boko ba, amma na gane. Jirgi in ya zauna a taɓo, taɓon ke toshe ɓarakarsa. Sai an ɗaga ake sanin gaskiyarsa. Bintuna, baƙin jirgina shekara nawa yana yoyo?"

"Ashirin..."

"Na sayar?"

"Kullum kana kwarfe ruwa kana zaginsa."

"Ina zagi, amma shi ke kawo ni gida!"

Ya tura mata takardar amincewa da tawadar dangwale.

"Duk Auyo ba mai yanke magana kamata. Amma wannan jikinki ne, sanyin idona. Cire Buba a ciki, sannan ki zaɓa."

Ta jawo takardar gabanta.

"Sista, in yoyon ya zo daga baya, ana gyarawa?"

"Ana yi, sai dai wata tiyatar."

"To a ɗaga kawai. In ya zo, ma dawo tare."

Ta dangwala. Ya dangwala kusa da nata, tawadar ta zame.

"Malam... hannunka rawa yake," in ji Bintu.

"Sanyin asibiti ne!"

Ta share masa gumin goshi da bakin mayafinta.

"Haka ne, gwanina. Sanyi ne."