Kulocin Fankar Motar Marigayi

Ƙarfe goma na safe Malama ta shigo caji ofis, riƙe da wani ƙarfe mai kamar faranti a cikin leda. Tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta ajiye shi a teburin Sufeto kamar ta kama ɗalibi da satar amsa.

"Sata aka yi mini, ranka ya daɗe. An ɗauke mai kyau, an bar mini wannan."

Sufeto ya juya ƙarfen a hannu. "Mene ne shi?"

"Kulocin fanka. Idan inji ya ɗau zafi, shi ke sa fanka ta juya da ƙarfi. Wannan matacce ne."

Motar da aka cire shi ta mijinta marigayi ce, irin ta tseren nan da ake shigowa da ita daga waje. Shekara biyu tana gareji a lulluɓe, sai dai Malama ta tayar da ita minti biyar duk mako. Jiya asma ta tasar wa surukarta, mahaifiyar marigayin, motar Malama kuma ta ƙi tashi, sai ta fito da ta marigayi. A tsakiyar cunkoso hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Da tasi aka ƙarasa da tsohuwar asibiti, da ƙyar aka ceto numfashinta. Injin ya ƙone.

"Ya aka yi kika san ba naku ba ne?"

"Ni na taho wa marigayi da sabon daga waje a akwatina. Kuma duk abin da ya sa wa motar nan, sai ya rubuta kwanan wata a jikinsa da jan fenti. Duba ka gani."

Babu ko ɗigon fenti.

Sufeto da Sajensa suka bi ta gida. Kwaɗon gareji lafiyarsa lau. Bakaniken bakin titi da ya jawo motar yana nan, ya nuna musu notin da ke riƙe kulocin.

"Yallaɓai, wannan notin a baibai yake kwancewa. Wanda bai sani ba sai ya cinye masa baki. Ka ga kuwa ko ƙwarzane babu."

Sufeto ya leƙa cikin motar. Malama gajeriya ce, amma madubin gefe a daidai idon dogon mutum yake.

"Wa ke da makulli bayan ke?"

"Ƙanin mijina. Sai bakaniken marigayi, Kunne, shi kuma ni nake buɗe masa idan ya zo canjin baƙin mai."

Ƙanin mijin dogo ne, ma'aikacin banki. A falo suka same shi.

"Rabona da garejin nan tun rasuwar Yaya," in ji shi.

"To wa ya karkata madubi?"

Ya dubi ƙofa ko matar yayansa na kusa. Sannan ya rage murya. "Nakan shiga in zauna. Har yanzu tana ƙamshinsa. Ba na so ta sani, za ta ce na kasa haƙuri. Amma bonet, ko inda ake buɗe shi ban sani ba."

Sufeto ya kalli hannayensa masu laushi, ya yarda da rabin ƙarshe na maganar fiye da yadda ya yi niyya.

Garejin Kunne yana bayan kasuwar kayan gyara. Dattijo ne mai furfura. An sa masa sunan ne don yana jin ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe.

"Baba, yaushe rabonka da motar marigayi?"

"Sati uku. Mai na canza, na rufe."

"Ka taɓa fanka?"

"Me zai kai ni? Lafiyarta ƙalau." Yana magana yana goge sifanar da ta riga ta goge.

Daga nan suka shiga shagon babban dillalin kayan gyara.

"Irin wannan kulocin? Ba wanda ya taɓa tambayata," in ji shi.

Saje ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da kwali biyu, kowanne da hoton faranti irin na cikin leda.

"Waɗannan fa, ado ne?"

Dillalin ya sosa ƙeya. "Ba na son shiga maganar 'yan sanda ne, Yallaɓai. Kunne ya sa na yi odarsu. Na farko ya yi ƙarami, na biyu zaren notinsa ba na baibai ba ne. Kamfanin ma ya daina ƙera na asalin. Wata bakwai yana mini sintiri, har wajen masu yanka tsofaffin motoci ya je. Sai kawai ya daina zuwa."

"Yaushe?"

"Zai kai sati uku."

"Irin motar nan guda nawa ce a garin nan?"

"Biyu. Ɗayar ta wani matuƙin jirgi ce."

A hanya Saje ya ce, "Oga, ai an gama." Sufeto kuwa yana tunanin mutumin da ya yi wata bakwai yana neman abu ta hanyar gaskiya, da abin da ya faru a ransa a wata na takwas.

Matuƙin jirgin ya buɗe musu bonet da fara'a.

"Baba Kunne ai ba dama. Na ce masa zan kai ta wani gari tunda gyaran kulocin fankarta ya gagara, kwana huɗu sai ga shi da kaya. Ya ce daga waje ya iso."

Sufeto ya haska fitilar wayarsa bayan fanka, ya share maiƙo da ɗan yatsa. Jan fenti ya bayyana, rana da wata da shekara.

Da yamma suka koma garejin. Kunne na sunkuye a kan wani inji. Da ya ga ledar a hannun Sufeto, ya miƙe a hankali, ya jawo benci ya zauna.

"Mun ga fentin, Baba."

"Na san yana nan. Na ɗauko fetur zan goge, hannuna ya ƙi. Rubutun marigayi ne."

"Me ya kai ka?"

"Shekara talatin da huɗu mota ba ta taɓa fita daga hannuna da ciwonta ba. Yaron nan matuƙin jirgi ya ce a gaban mutane wai tsufa ya kama ni. Na ce ta marigayi ai ba ta fita, minti biyar ba zai sa ta zafi ba. Aro ne, in na samu wani in mayar."

"Ka gaya wa Malama aro ne?"

"A'a."

"Da ka tambaye ta fa?"

Kunne ya sunkuyar da kai. "Da ta ba ni. Abin da na kasa ke nan, in buɗe baki in ce ban samu ba."

"Jiya ta ɗauki mahaifiyar marigayi a ciki za su asibiti. Motar ta mutu a hanya."

Dattijon ya ɗago. Wannan bai sani ba. "Inna? Tana raye?"

"Tana raye."

Ya rufe fuska da tafukansa, baƙin mai ya shafi furfurarsa. Sufeto ya taɓa kama ɓarayi da yawa, amma kaɗan ne ya ga sun tambayi lafiyar wani kafin su tambayi makomarsu. Hakan bai gyara injin ba, bai kuma rage wa tsohuwa azabar da ta sha a kan titi ba.

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

"Tashi mu je, Baba."

"Yallaɓai, ka ba ni minti biyu. Injin mutane a buɗe yake, ƙura za ta shiga."

Sufeto ya tsaya yana jira. Kunne ya mayar da murfin, ya ɗaure notuna takwas ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa mai motar abin da ya rage a yi a jikin kwali, ya maƙale a gilashi. Sannan ya ja ƙofar garejin ya kulle, ya wuce gabansu zuwa motar 'yan sanda.