Sunan da Ya Ƙi Gogewa

Mai Makulli ake ce masa a ofis, don shi ke raba izinin shiga foldar kwamfutar da ma'aikata ke tara aikinsu: wane ya karanta kawai, wane ya gyara. Sau uku yana cire sunan marigayi Dogo daga jerin masu gyara, sau uku sunan na dawowa.

"In na sake ganinsa gobe, ka nemi wani aikin," in ji manaja.

Bayan isha, kowa ya watse, Mai Makulli ya zauna yana tsaki. "Kai Dogo, da ranka ka wahalar da ni, ka mutu ma ba ka ƙyale ni ba!"

Fanka ta tsaya cak. Warin man zafi ya cika ɗakin, kujerar bayansa ta yi ƙara.

"Ɗan'uwa, bar min izinin nan, gyara ɗaya ya rage min," in ji wata murya.

Ya ɗauka mai gadi ne. "Baba, ba na son wasa!"

Sai ya lura muryar ba numfashi a cikinta. A kan allon kwamfuta, ga sabon gyara ya shigo yanzun nan. Kuma duk ofishin, Dogo kaɗai ke shafa man zafi.