Kira na Huɗu

Ku matso kusa da kaskon nan. Laure, ja ƙofar da kyau, ki tura tsumma ƙarƙashinta, sanyi na shigowa. Ke kuma Hansatu ajiye wayar nan. Tun jiya kike ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa, ai babu sabis a saman dutsen nan sai hazo ya yaye.

Kwana biyu kacal da zama a ɗaki kun ishi kowa da mita. An gasa muku masara, kun ce ta yi tauri. An yi kitso, an tsefe, an sake. Yanzu kuma na ji kuna ƙus-ƙus, wai gobe za ku bi hanyar ruga ku ɗauki hoto, ko da hazo ko babu. To ku zauna. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wadda ta ce mini ta zo mu ji ta. A kaina ya faru, a gidan nan da kuke zaune.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin ke Laure ko ɗaurin zani ba ki iya ba. Watana biyar da aure. Mijina malamin makaranta ne, ya samu hutun ƙarshen shekara, ya ce mu hau Mambila mu gai da Goggo Dudu, ƙanwar babanninmu, mai gidan nan. Bai taɓa ganin dutse irin wannan ba. A mota sai leƙe yake ta taga yana salati, ni ina jin kunya a madadinsa.

Kun san sunansa. Ba za ku ji shi a bakina ba. Malam nake ce masa, yadda mace takan sakaya sunan mijinta. Shi kuwa ya mai da abin tsokana. Kullum sai ya ce, "Uwani, sau ɗaya dai. Faɗi in ji yadda yake a bakinki."

In ce, "Allah ya kiyaye. Sai ka ce wani ƙanena."

Ya yi dariya ya ce, "Zan jira. Ai ba sauri nake ba."

Ranar da muka iso da yamma hazo ya sauka. Kun dai ga irinsa, gajimare ne yake saukowa ƙasa, jiƙaƙƙe, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai. Kwana uku ba mu fita ba. Malam bai damu ba ko kaɗan. Ya haƙa gurabun dara a ƙasan madafi, ya koya mini da tsakuwa da tsinke, yana bari ina cinye shi da gangan. Ya iya dafa shayi fiye da ni. Har wake ya taya Goggo tsincewa, tana cewa, "Malam, bari, za a ce mun sa suruki aiki."

Ni ce mai ƙunci. Halina ke nan a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Ina kumbure-kumbure, ina tsaki, irin wanda kuke yi yanzu.

Rana ta uku bayan azahar gari ya ɗan washe. Aka hango itatuwan turare, aka hango rugar da ke gangare. Ni kuwa baki bai da linzami, na ce, "An kawo ni hutu an kulle ni kamar kaza mai kwanci. Ko madarar nan da ake ta yabo ban ɗanɗana ba."

Malam ya miƙe. Ya ɗauki gora, ya ja hular sanyinsa ya rufe kunne.

Goggo ta ce, "Malam, wannan hasken ƙarya ne. Ka bari sai gobe."

"Goggo, ga rugar can. Kafin ruwan shayi ya tafasa na dawo."

A bakin ƙofa ya waiwayo ya yi mini murmushi. Ban mayar masa ba. Ina fushi ne a kan abin da ban ma san mene ne ba.

Ruwa ya tafasa. Ya ƙone. Aka ƙara wani.

Sai hazon ya dawo. Ba a hankali ba, lokaci guda, kamar an jawo bargo. Itatuwan suka ɓace. Dangar gida ta ɓace. Tsuntsaye suka yi tsit.

Goggo ta tashi. Ta mirgino turmi zuwa tsakar gida, ta miƙo mini taɓarya ɗaya, ta riƙe ɗaya. Babu komai a cikin turmin.

Na ce, "Goggo, me za mu daka?"

"Hanya za mu daka masa. Zai bi ƙarar ya zo gida." Ta kama hannuna ta matse. "Ki ji ni da kyau, 'yar nan. A nan ba a kiran sunan mutum cikin hazo. Ko ɗanki ne. Akwai masu saurare. Ba su san sunan kowa ba sai wanda aka jefa musu."

Muka fara. Gum. Gum. Can sai wani gida ya ɗauka, sai wani. Duk ƙauyen ya san akwai mutum a waje. Babu muryar kowa, turame ne kawai ke magana.

La'asar ta yi, ta wuce. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe. Zuciyata na ta raya mini abubuwa: ya faɗi, ya karye, yana can yana jiran ya ji ni. Na ce a raina, ni da na yi makaranta, in tsaya ina dukan turmi saboda camfin ƙauye? Mijina ne fa.

Na yar da taɓaryar. Na ruga bakin danga. Na buɗe baki iya ƙarfina na kira shi. Ba Malam na ce ba. Sunansa na kira, na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba.

Sau uku.

Goggo ta cim mini ta toshe mini baki. Turaman ƙauyen duk suka tsaya.

Shiru.

Sai muka ji kira na huɗu.

Muryata ce. Har ɗan karyewar da takan yi in na ɗaga ta. Amma ba daga bakina ba, hannun Goggo na kai. Daga hagu ta fito, can ta wajen kwazazzabo. Kada ki ce amsa-kuwwa ce, Hansatu, na ga bakinki na motsi. Sau uku na kira. Ita kuma ta kira a tausashe, da shagwaɓa, yadda ban yi ba.

Sai ya amsa.

"Na'am!"

Wallahi kusa yake. Bai fi taku talatin daga dangar ba. Turmin ya kawo shi har ƙofar gida. Da na ƙara haƙuri kaɗan, da hannunsa ya taɓa karan dangar. Kuma da dariya ya amsa. Murna ce fal a muryarsa, ta mutumin da ya daɗe yana jiran abu ya samu.

Muka ji takunsa ya juya.

Na fizge bakina in ce masa ba ni ba ce. Babu abin da ya fito sai iska. Muryar ta tafi. Goggo ta koma kan turmi da gudu tana daka kamar za ta fasa shi. Kiran ya sake tashi, ya ƙara nisa. Ya sake amsawa, ya ƙara nisa.

Na tsallake danga na bi hanyar, ba takalmi. Goggo ba ta iya kirana ba, kun san dalili.

Ban san iyakar tafiyar da na yi ba. Ciyawa na jiƙa ni har gwiwa. Sanyi ya kashe mini yatsu. Sai na ga mutum a tsaye a kan hanya. Mace ce, doguwa, ta yafa farin zani har ka. Ta ba ni baya, haka na zata, don na ga dugaduganta suna kallona. Na ƙara matsowa. Sai na ga fuskarta ma ni take kallo.

Zaninta a bushe yake. Ko ɗigon raɓa babu. Ciyawar da ta taka ba ta kwanta ba.

Na kama Ayatul Kursiyyu a zuci, na kasa wuce farkonta.

Ta ce, "Sannu, amarya."

Kun taɓa jin muryarku tana gaishe ku daga bakin wata? Allah kada ya nuna muku.

Da raɗa na iya cewa, "Ina mijina?"

"Ya amsa."

"Ni ya amsa wa."

"Haka shi ma yake gani."

Na durƙusa a cikin ciyawar. "Don Allah ki mayar mini da shi."

"Ke kika jefar. Ni tsinta na yi." Ta ɗan karkata kai. "Tun azahar yake yawo a cikinmu, ba mu da abin kama shi. Kin iya ɓoyon suna, amarya. Wata biyar."

"Ki ɗauke ni, ki sake shi."

"Ba a kira ki ba."

Ta fito da hannu daga cikin zanin. Gorar ce. Ta ajiye ta a gabana a hankali, yadda ake ajiye wa baƙo ruwa.

"Ya ce a kai miki, kada ta huce."

Na ɗaga kai, babu kowa. Na taɓa gorar. Da ɗuminta, cikin wannan sanyin, kamar yanzu aka tatso.

Ƙarar turmi ce ta mai da ni gida. Turmi ɗaya tak ya rage yana bugawa a duk ƙauyen. Na tarar da Goggo ita kaɗai, taɓaryar duk jini, ba ta tsaya ba sai da ta ga ƙafata a tsakar gida. Ta kalli gorar, ta kalle ni. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma har yau ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ta ce in zubar da madarar. Na ƙi. Saboda ita ya fita. Na zauna a wurin nan da Laure take zaune na shanye ta tas, ina kuka ba sauti. Da safe murya ta dawo, amma wannan ce, mai kaushin nan da kuke kwaikwayo in kun ga na ba da baya. Na sani, ba na jin haushi. Tawa ta asali tana waje.

Kwana bakwai mazan ƙauyen nan suna nema. Sun sauka kwazazzabon da igiya. Sun bi rafi har inda ya ƙare. Ko hularsa ba a gani ba. Mutanen ruga sun ce ya zo, ya sayi madara, ya ce amaryarsa ce ke marmari, har suka yi masa gyara. Babu gawa, babu kabarin da zan je in tsaya. Mahaifiyarsa ta rasu tana sa a bar mata ƙofar zaure a buɗe.

Kuna ganin duk shekara in sanyi ya shigo nakan haɗa kaya in hau dutsen nan. A gida ana cewa Uwani na son Goggo, Uwani na son hutu. Ina son Goggo. Amma wane hutu ne a wurin da ya cinye ni?

Ranar da hazo ya rufe sosai, tsakanin la'asar da magariba, takan yi kiran. Ba kowace shekara ba. Sau huɗu na ji cikin goma sha ɗaya. Muryata ce ta 'yar shekara ashirin, tana yawo a gangare. Ba ita nake zuwa ji ba, ita na tsane ta. Abin da ke biyo baya nake jira.

Yakan amsa.

"Na'am!" Da dariyar nan. Bai tsufa ba. Bai gaji ba. Bai san komai ba. Har yanzu gani yake ni ce, kuma saura kaɗan ya iso.

Share hawayenki, Hansatu, ni na gama nawa. Ku dai riƙe wannan. Kada wadda ta bi hanyar rugar nan ita kaɗai, ko da rana tsaka, ko gari ya washe kamar madubi. In hazo ya rufe ɗayarku a waje, ɗayar ta ciji harshenta ta nemi taɓarya. In kuma kuka ji muryata a waje, mai daɗi, ba wannan ba, kada ku amsa, kada ku leƙa.

Ku je ku kwanta wajen Goggo, ta shimfiɗa muku bargo biyu. A'a, ku bar mini tagar nan yadda take, na san sanyi na shigowa. Jiya bai amsa ba, yau ma har magariba ban ji shi ba. Zan ɗan ƙara zama, ko ya makara ne.