Injin Tungar Baiwa

Ranar Litinin da hantsi Kansila Abbas ya shigo caji ofis, babbar rigarsa na sharar ƙasa. Ya ce an sace injin ban-ruwan da gwamnati ta ba Tungar Baiwa. Har da sunan ɓarawon ya zo a baki: Dikko masunci, ɗan gidan Baiwa a tungar. Kafin la'asar Dikko yana bayan kanta.

Talaka in za a kama shi, ba a rasa mota ba a rasa mai.

Talata da safe Laure uwar Dikko ta iso Argungu, tsohuwa mai shekara saba'in, takalmi a hannu saboda caɓi. Ta wuce kofur ɗin bakin kanta kamar ba mutum ba, ta tsaya gaban teburin Insifekta Zayyanu.

"Kai ne ka riƙe min ɗa?"

"Inna, zauna mu yi magana."

"Ban zo zama ba. Wa yag gane shi da inji?"

"Akwai shaida. Kuma an samu jirginsa a ƙetare, da baƙin mai a ciki."

"Jirgi baki garai? Shi yah hwaɗa maka?"

Insifekta ya rufe fayil. Bai ɓoye mata ba: ranar Alhamis da sha biyu mota za ta kai Dikko kotu a Birnin Kebbi. Daga can, in babu mai tsaya masa, sai gidan yari.

Laure ta san mutum biyu daga tungayensu da aka kai Birni. Ɗaya ya dawo bayan shekara uku da tari, ɗayan labarinsa ma bai dawo ba.

Mazaɓar Abbas tungaye bakwai ce, warwatse cikin fadamar Rima. In aka tara mutanensu duka ba za su cika kasuwar Gulma ba. Daga wannan tunga zuwa waccan tafiyar rabin yini ce, ba hanya, ba asibiti, waya ma sai an hau tudu. Ba a tuna su sai zaɓe ya matso. A zaɓen da ya wuce kuwa, Dikko ne ya tsaya ya hana a ɗauke akwatinsu a kai ƙauyen Abbas. Kowa ya san wannan, kowa ya yi shiru.

"Ka zo ka ga jirgin da idonka," in ji Laure. "In kuma kujera ta manne maka, hwaɗa min in tahi."

Ya ɗauki hularsa.

Sun samu jirgin inda aka bar shi, ɗaure a gindin wata giyayya, can ƙasa da mashigi. Insifekta ya duba man da ya zuba, ya rubuta. Laure ko kallon man ba ta yi ba, igiya ta nuna.

"Dubi wanga ɗauri."

"Me ya same shi?"

"Ɗaurin jaki ne. Ƙulli bisa ƙulli, sai da haƙori a kwance shi. Ɗan ruwa ɗaurinsa ja ɗaya ne, don in ruwa ya taso babu lokacin wasa. Dikko tun bai yi kaciya ba ya san wannan."

Insifekta ya gwada igiyar. Ta ƙi.

"Kuma ina mashigi?" Ta nuna can sama. "Dubi inda ruwa yaj jefo su. Wanda yat tuƙa jirgin ga, Allah ne kawai bai karɓi ransa ba."

Ya rubuta wannan ma.

Laraba aka kira shaida, Rabi'u, mai riƙe wa kansila jaka, manomin albasa. Laure ta zauna a benci bakin ƙofa, an kore ta sau biyu ta ƙi tashi.

"Yaushe ka ga Dikko?" in ji Insifekta.

"Bayan asuba, yallaɓai. Shina tuƙi, inji na tsakiyar jirgi."

"Me ya kai ka bakin gulbi?"

"Shan iska."

"Daga ƙauyenku zuwa can tafiyar awa uku ce. Iskar gidanku ta ƙare?"

Rabi'u ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Buɗe hannunka."

Tafin hannun duk ƙuraje ne na ruwa, sababbi, wasu sun fashe.

"Fartanya ce, yallaɓai."

"Manomi da kanta a hannu, fartanya ta yi masa haka?"

Ƙurajen tuƙin jirgi ne, Insifekta ya gane. Amma hannu ba inji ba ne. Da Rabi'u ya fita, Insifekta ya ce wa Laure gaskiya: in ba a ga injin ba, mota za ta tashi gobe. An riga an bugo waya daga sama har sau biyu ana tambayar fayil ɗin.

Sai a lokacin Laure ta tuna saƙon da ta watsar saboda tashin hankali. 'Yarta Kulu, wadda ke aure a Tungar Hodi, ta haihu, gobe suna. Mai kawo saƙon har ta ce sunan zai yi armashi, don ranar ce kansila zai kawo musu sabon inji.

Da ta faɗa masa, Insifekta ya ɗago kai. "Injinku kwana nawa ya yi?"

"Goma. Ran na takwas Rabi'u yaz zo wai a kai shi gyara. Inji sabo, gyaran mi? Dikko yas sa mishi sarƙa."

"In kin gan shi za ki gane shi?"

"Ni da nis sa mishi shaida?"

Alhamis da sassafe suka kama hanya da kofur ɗaya, mota har inda hanya ta mutu, sannan jirgi. Laure ce ta tuƙa. Ba ta san agogo ba, rana take kallo, ranar kuwa sai hawa take kamar ana korar ta.

Sun iske Tungar Hodi ta cika. Mata daga tungaye bakwai sun zo suna. A fili an kafa rumfa, ga inji a kan tabarma, an shafe shi da sabon fenti kore, an ɗaura masa kyalle. Kansila Abbas na tsaye ya dafa shi, mai hoto na ɗauka.

Da ya hango kaki, murmushin ya tsaya masa a fuska.

"Insifekta! Ka zo taya mu murna?"

"Honarabul, ina takardar wannan injin?"

"Tana ofis."

"A kifa shi," in ji Laure.

"Wace ce wagga? Ku janye ta!"

"Abbas, ni ce wadda tay yi wa uwarka wankan jego. A kifa shi, nic ce!"

Kofur ya kifa injin. A ƙarƙashinsa, inda fenti bai kai ba, ga zane uku a jere da da'ira a kansu, an karce da wuƙa.

Masunta kowane gida da shaidarsa. Ita ake yi wa gora da jirgi, don in ruwa ya tafi da su a san mai su. Ranar da aka kawo injin, maza na can suna tafi, Laure ta tsuguna ta yi masa abin da take yi wa duk abin da ya shigo gidansu.

Wani tsoho ya leƙa. "Shaidar gidan Baiwa ce. Ko makaho ya shafa ya sani."

Sai wata mata, Balaraba, ta ajiye ƙwaryarta. "Mu ma namu kwana takwas yay yi, anka ce gyara."

"Mu ma haka!"

"Namu ja ne, amma ga wagga lotsawa ta gefe, ita ce!"

Tunga biyar, inji ɗaya. Lissafin Abbas shi ne mazan tungayen nan ba sa haɗuwa sai shekara-shekara. Ya manta mata ba sa fashin suna.

Rabi'u ne ya fara zubewa. "Yallaɓai, shi yas sa ni! Nic ce ban iya ruwa ba, yac ce in ɗauki jirgin Dikko, a jefi tsuntsu biyu."

"Bakwai aka ba ka," in ji Insifekta. "Ina shida?"

Abbas ya dubi jama'a, babu fuskar da ta karɓe shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Na sayar. Zaɓe ke tahe, yallaɓai. Da Dikko ya bari an kai gyara, da ba mu kai nan ba."

Ankwa ta yi ƙara sau biyu. Laure ba ta ko juya ba, inuwarta take kallo, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarta.

"Motar!" in ji ta.

Insifekta ya zaro waya. Babu layi. Mata suka nuna masa surin da ake hawa a bayan gari. Ya ruga, ya hau da takalmin gwamnati, ya ɗaga wayar sama. Ta shiga, ta yanke. Ta sake shiga, ta yanke. Laure na ƙasa ta riƙe kanta da hannu biyu, bakinta na motsi babu sauti.

A na uku aka ɗauka. Ya yi magana, ya saurara, ya sauko.

"Har an saka shi a mota, Inna. An sauke shi. Yana zaune yana jiranki."

Laure ta sauke hannuwanta daga kai. Ta zauna a ƙasa jim kaɗan, ta share fuska da bakin zane, ta miƙe. Jaririn ma leƙa shi kawai ta yi, ta tofa masa addu'a.

A bakin gulbi Abbas ya tsaya, hannu a ankwa, yana kallon ruwa.

"Wa za shi tuƙa?"

Laure ta kama igiyar, ja ɗaya ta warware.

"Shiga, Honarabul. Zauna tsakiya inda kas sa inji. Kuma kada ka motsa, ina son ka isa da ranka."